Rumbun bayanai: ƙaramin fayil ɗin da ke yanke makomar rajista idan wuta ta ɗauke

Duk wanda ya taɓa yin layi a gaban gishe, ko don karɓar takarda ko don zuba kuɗi a asusun ajiya, ya san wannan amsa: "Inji bai tashi ba, ku dawo gobe." Akan ɗora laifin a kan rezo ko a kan wutar lantarki, kuma sau da dama gaskiya ne. Amma akwai ranar da wuta ta dawo, rezo na nan, kwamfuta ta kunnu, aiki kuma ya ƙi tafiya. Akwai wadda ta fi ta muni: aiki ya tafi, a duba rajista, a tarar rasiɗin ƙarshe da aka buga jiya ba ya ciki, alhali mai shi na riƙe da takardarsa a hannu. A irin wannan rana, wanda ya san aikinsa yakan fara da buɗe wani ƙaramin fayil na rubutu wanda ma'aikacin gishe bai taɓa gani ba. Shi ne fayil ɗin saitin tashi na rumbun bayanai.

Rumbun bayanai shi ne abin da ake kira base de données da Faransanci: manhajar da ke riƙe da sunaye, ranaku da alƙaluma, tana ba da su ga wanda ya nema, tana karɓar sababbi. Allon da ma'aikaci ke dannawa fuska ce kawai, rumbun na can baya. Kuma mutanen Jiratawa na cikin irin wannan rumbu ko da ba su sani ba. Alƙaluman da asibitocin CSI na gundumar Madarumfa ke haɗawa kowane wata, na haihuwa, na rigakafi, na zazzaɓin cizon sauro, suna ƙarewa ne a DHIS2, manhajar da jami'ar Oslo ta ƙasar Norwe ta ƙirƙira, wadda ma'aikatar kiwon lafiya ta Nijar ke aiki da ita. Ƙarƙashin DHIS2 akwai rumbu mai suna PostgreSQL. Wannan babban rumbu yana nesa, yana da masu kula da shi. Waɗanda suka fi kusa da jama'a su ne ƙanana: kwamfuta ɗaya a ɗakin baya na kantin magani, ko na makarantar kuɗi, ko na asusun ajiya, wadda wani matashi ya girka ya tafi.

Abin da ke faruwa kafin allo ya haska

A fadamar Jiratawa, kilomita kusan 10 kudu da Maradi, inda ake noman zogala, tattasai, albasa da masara a ƙarƙashin kulawar ONAHA, ruwan ban gona daga rijiyoyin burtsatse yake fitowa da ƙarfin lantarki. Manomi a nan ya san cewa tayar da famfo yana da ƙa'ida: akwai abin da ake dubawa kafin a danna, kuma akwai abin da ba ya gyaruwa sai an kashe. Rumbun bayanai haka yake. Da an kunna shi, kafin ya saurari kowa, sai ya karanta fayil ɗinsa layi bayan layi: ƙwaƙwalwa nawa zai ɗiba, mutum nawa zai karɓa a lokaci guda, ta wace ƙofa za a shigo masa, ina kayansa suke a faifai, da wane agogo zai yi aiki.

Sunan fayil ɗin ya danganta da irin rumbun. A PostgreSQL, wanda asalinsa aikin bincike ne da Michael Stonebraker ya fara a jami'ar Berkeley ta Amurka a 1986, sunansa postgresql.conf. A MySQL da ƙanensa MariaDB sunansa my.cnf, ko my.ini a kan Windows. A Oracle, wanda manyan bankuna da kamfanoni suka fi saye, tsohon sunansa init.ora, kuma tun fitowar Oracle 9i a 2001 aka ƙara wani mai suna spfile. Oracle ma tashinsa hawa uku ne a bayyane: ya karanta saiti ya ware ƙwaƙwalwa, ya nemo inda fayilolinsa suke, sannan ya buɗe ƙofa ga jama'a. Idan harafi ɗaya ya karkace a hawan farko, ba a zuwa na biyu.

Kowane layi yana da adadin da ya zo da shi daga masu ƙera manhajar. An zaɓi waɗannan adadi ne don rumbun ya tashi a kan kowace irin kwamfuta, komai ƙanƙantarta. Masu ƙerawa ba su san Maradi ba, ba su san yadda wutarta take ba, ba su san haruffan Hausa ba. Wannan aikin na wanda ya girka ne.

Teburi da sito

Ɗan kasuwa yana da teburi a gabansa da sito a bayansa. Abin da ake yawan tambaya yana kan teburi, sauran sai an tashi an ɗauko. Ƙwaƙwalwar kwamfuta, wadda ake kira RAM, ita ce teburin. Faifai shi ne siton. Layin da ke faɗin girman teburin a PostgreSQL shi ne shared_buffers, kuma yakan zo da megabait 128 kacal. Na MySQL, innodb_buffer_pool_size, shi ma 128 ne. A kwamfuta mai gigabait 8, barin wannan adadi daidai yake da mai babban shago da ya baje kaya a kan faifan tuwo: komai sai an koma sito, layi kuma na ƙara tsawo. Masu PostgreSQL suna ba da shawarar a fara da kashi ɗaya cikin huɗu na ƙwaƙwalwar na'urar, wato gigabait 2 ke nan a wannan misali.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne na kwafe. Mai girki ya shiga intanet, ya samo fayil ɗin da wani ya rubuta wa na'ura mai gigabait 64, ya liƙa shi yadda yake. Fayil ɗin na neman gigabait 16, na'urar na da 8, rumbu ya ƙi tashi. Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara. Wannan ma da sauƙi, don a take ake gani. Mai ɓoyayyen sharri shi ne work_mem, ƙwaƙwalwar da kowane aikin jera sunaye ko haɗa lissafi ke ɗiba. Yakan zo da megabait 4. Wani ya ga rahoton wata na jinkiri, ya mayar da shi 100. Rahoton ya yi sauri, kowa ya yaba. To amma adadin na kowane aiki ne daban, kuma PostgreSQL na zuwa da izinin mutum 100 a lokaci guda. Ɗari sau ɗari ya kai kusan gigabait 10. Ranakun da mutum uku ke aiki ba abin da zai faru. Ranar rufe lissafi, da kowa ya hau, na'urar sai ta shaƙe, rumbun ya faɗi a tsakiyar aiki.

Layin da ya fi kowane muhimmanci a ƙasar da wuta ke ɗaukewa

Jahohin Maradi da Damagaram suna samun wuta ne daga Najeriya ta layin da ya taso daga Katsina zuwa Gazawa. A watan Agustan 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli da takunkumin CEDEAO, Najeriya ta katse wutar, ba a maido ta ba sai a watan Maris na 2024. Waɗannan watanni sun koya wa ofisoshi da dama cewa kwamfuta na iya mutuwa sau da yawa a yini ɗaya ba tare da sallama ba. Ko a lokacin da komai ke lafiya, zafin Afrilu da Mayu na zuwa da nasa ɗauke-ɗauken.

An gina rumbun bayanai da sanin haka. Dabararsa irin ta mai shago ce da ke da ƙaramin littafi a aljihu: kowane ciniki sai ya fara rubuta shi a nan da sauri, daga baya a natse ya kwafe cikin babban kundi. Idan wuta ta ɗauke, da rumbun ya tashi sai ya buɗe ƙaramin littafin, ya maimaita duk abin da aka kammala, ya zubar da wanda aka bari rabi. Shi ya sa wani lokaci yakan ɗan daɗe kafin ya buɗe bayan mutuwar bazata. Mai gaggawar da ya sake kashe shi a wannan lokaci, yana zaton ya maƙale, mayar da aikin baya kawai yake yi.

Wannan dabara tana tsaye ne a kan sharaɗi guda: kada rumbun ya ce wa ma'aikaci "an karɓa" sai rubutun ya sauka a kan faifai da gaske. Jiran faifai kuwa yana cin lokaci, kuma a nan ne jarraba take. A PostgreSQL akwai layi mai suna fsync. Yakan zo a kunne. Wanda ya kashe shi zai ga sauri nan take, har a ɗauka gwani ne. Amma masu manhajar sun faɗa ƙarara cewa idan wuta ta ɗauke alhali yana kashe, rumbun na iya lalacewa ta yadda ba a iya gyara shi. Ba rasiɗin ƙarshe kaɗai ke salwanta ba, kundin duka na iya birkicewa, kuma ɓarnar na iya kwanciya makonni kafin wani ya nemi shafin da ya ruɓe. A gari kamar Maradi, babu hujjar da za ta sa a kashe wannan layi a kan rajistar jama'a.

Akwai na biyu mai sauƙin haɗari, synchronous_commit. Idan an kashe shi, rumbun na cewa "an karɓa" tun kafin rubutun ya sauka, ya sauke shi jim kaɗan bayan haka. Mutuwar bazata ba ta lalata kundin, sai dai abin da aka shigar a daƙiƙar ƙarshe na iya ɓacewa. Jagorar girka DHIS2 ma ta yarda a kashe shi don a samu sauri, kuma akwai hankali a ciki: alƙaluman wata suna nan a takarda a asibiti, idan layi ɗaya ya ɓace a sake shigar da shi. Kuɗi ba haka suke ba. A ɗauka wata ƙungiyar manoma ta mayar da littafin kuɗin ruwa cikin kwamfuta. Manomi ya biya, injin buga takarda ya fitar da rasiɗi, wuta ta ɗauke. Yana da shaida, kundi ba shi da ita. A ƙarshen kaka sunansa zai fito cikin masu bashi, kuma a fadamar da ake iya karɓe fili daga wanda bai biya ba, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Saiti ɗaya ne, ya dace da wani aiki, ya zama zalunci a wani. A MySQL layin da ke wannan aiki shi ne innodb_flush_log_at_trx_commit: 1 shi ne amintacce, 0 ko 2 na iya zubar da kusan daƙiƙa ɗaya ta aiki idan wuta ta yanke.

Akwatin batir da ake kira onduleur yana taimakawa, haka ma gurup. Sai dai batir na tsufa da wuri a zafi, kuma ba kasafai ake gwada shi ba sai ranar da ya ba da kunya.

Abin da ake yankewa ranar haihuwa

Yawancin layukan ana iya canza su gobe. Akwai kaɗan da ake zaɓa ranar da aka kafa rumbun, kuma sauya su daga baya sai an kwashe komai an sake zubawa. Babba a cikinsu shi ne tsarin haruffa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Tsohon tsarin da ake kira Latin-1 an yi shi ne don harsunan yammacin Turai. Yana da é da è da ç na Faransanci, shi ya sa mai girkin da ya yi karatu da Faransanci ba ya ganin matsala. Amma ba shi da ɓ, ɗ, ƙ da ƴ. Rumbun da aka kafa a kansa, idan aka ba shi waɗannan haruffa, ko ya ƙi karɓa ko ya mayar da su alamar tambaya. Ma'aikaci ya gaji ya riƙa cire lanƙwasa, sai ƙara ta koma kara, baƙi su koma baki. MySQL ya shafe shekaru yana zuwa da Latin-1, har da jerin haruffa irin na Suwidin, don a can aka haife shi a 1995. Sai a 2018, da fitowar MySQL 8.0, ya koma tsarin UTF-8 wanda ke ɗaukar haruffan Hausa, na Larabci da na Tifinag duka. Tsofaffin na'urori da tsofaffin fayilolin da ake kwafa suna nan da tsohon hali.

Za a iya cewa takardun hukuma da rubutun Faransanci ake cika su, ina ruwansu da ƙ. To ko su ba su tsira ba. Idan allo na aika rubutu da UTF-8, wani ɓangare kuma na karanta shi da Latin-1, sunan Aïchatou yakan fito AÃ¯chatou. Yarinya ɗaya ta zama mutum biyu a rajista, kuma ranar da ta zo neman takardar jarrabawa, bincike da sunanta na gaskiya ba zai fito da ita ba. Tun da dokar 2019 kan rajistar haihuwa, aure da mutuwa ta buɗe hanyar mayar da wannan aiki cikin kwamfuta, irin wannan ƙaramin zaɓi zai bi mutane tsawon rayuwarsu.

Agogo da kwanan wata

Nijar na gaban agogon GMT da awa ɗaya duk shekara, kuma sunan da kwamfuta ta san ta da shi shi ne Africa/Niamey. Faransa kuwa sau biyu take juya agogo. Mai girkin da ya zaɓi Faransanci, na'ura ta ba shi Europe/Paris ya amsa, ba zai ga komai ba idan a watan Disamba ya yi aikin, don a lokacin agogon Paris da na Yamai ɗaya ne. Lahadin ƙarshe ta Maris Paris ta ƙara awa ɗaya, rumbun ya bi ta har ƙarshen Oktoba. Maganin da aka sayar da ƙarfe 11 da rabi na dare ya faɗa lissafin gobe; idan daren ƙarshen wata ne, ya faɗa wata mai zuwa.

Kwanan wata ya fi haka wayo. A nan rana ake fara rubutawa, sai wata. Amurkawa wata suke farawa da shi. Rumbun da aka kafa a kan na'ura mai saitin Amurka, idan aka ba shi 25/08 zai yi ƙorafi, don babu wata na 25. Amma idan aka ba shi 03/08, shiru zai yi ya rubuta 8 ga Maris a maimakon 3 ga Agusta. Ranakun 1 zuwa 12 na kowane wata ne ke juyewa, sauran su ƙi shiga, ma'aikaci ya yi musu dabara, a ƙare da kundin da rabinsa daidai ne, rabinsa a kife, ba wanda zai iya rabe su. A PostgreSQL layin DateStyle ne ke raba wannan gardama.

"Jiya aka gyara, yau ya koma"

Wannan ƙorafi ma yana da tushe a saiti. Ana iya canza wasu adadi rumbun na tsaka da aiki, amma canjin a ƙwaƙwalwa yake zaune. A MySQL, abin da aka gyara da umarnin SET GLOBAL yana tafiya da wuta; da an sake tashi, rumbun fayil ɗinsa yake karantawa, ya koma gidan jiya. Sai a 8.0 aka kawo SET PERSIST mai rubuta canjin. Oracle na tambayar mai gyara ko canjin na ƙwaƙwalwa ne, ko na fayil, ko na duka biyu. A inda na'ura ke yin wata shida ba ta mutu ba, mantuwar kan daɗe a ɓoye. A Maradi da Tibiri, wuta ce ke tona ta kafin mako ya zagayo.

Akwai kuma kishiyar wannan: an gyara fayil, ba abin da ya canza. Ko dai layin na cikin waɗanda sai an kashe an kunna suke aiki, kamar shared_buffers da max_connections, ko kuma wani fayil ne ya danne shi. Tun 2014 PostgreSQL na da na biyu, postgresql.auto.conf, wanda maganarsa ke sama da ta na farko. Mai gyara na farko ya rubuta a can, na biyu na ta fama a nan.

Saura ƙofa. PostgreSQL na zuwa a rufe, ba ya sauraron kowa sai na'urar da yake kai. Da an bukaci gishe na biyu ya haɗu, hanya mafi sauƙi ita ce a buɗe wa kowa, a kuma rubuta trust a fayil ɗin izini, ma'ana duk wanda ya ce shi ne shugaba a yarda ba tare da kalmar sirri ba. Haka kayan koyo irin su WampServer, da ɗalibai da yawa ke fara aiki da su, suna zuwa da babban mai izini na MySQL babu kalmar sirri. An yi su ne don gwaji a ɗaki, amma sukan ƙare a kanti. Nijar na da dokar kare bayanan mutane tun 2017, da hukumar HAPDP mai sa ido a kanta, kuma nauyin tsare bayanan na kan wanda ya tara su, ko da wani ya ɗauka haya ya girka masa.

Shugaban ofis ko na ƙungiya ba sai ya iya karanta waɗannan layuka ba. Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maradi da sauran makarantu na yaye matasan da suka iya. Abin da yake hannunsa shi ne ranar karɓar aiki, kafin ya biya cikon kuɗi. Yana iya neman kwafin fayil ɗin saiti a takarda, da kwanan wata, da bayanin kowane layin da aka canza da dalilinsa, a ajiye tare da kwangila, don mai gyara na gaba ya san inda aka tsaya. Yana kuma iya neman gwaji a gabansa, da bayanan gwaji, tun ba a zuba na jama'a ba: a shigar da suna mai ƙ da wani mai ï, a shigar da 3 ga Agusta, a buga rasiɗi, sannan a zare waya daga bango. Idan na'urar ta tashi, a nemo sunayen biyu, a duba watan, a duba agogo, a duba ko rasiɗin na cikin kundi.